Makullin Manhaja a Wayar Umma

SHAFI NA 27

Masu turo min saƙo wai na cika ɗaure wa Auta gindi, wai taurin kanta ya wuce misali, na ji ku. Wata har cewa ta yi da ita ce da tuni ta sayar da manhajar ta huta. To baiwar Allah, ki gina taki ki sayar mana, wa ya riƙe miki hannu? Ni dai yau na zare hannuna. Ga ta ga yayanta, ku raba su da kanku.

Wanda kuma yau ya faɗo mana tsakiyar labari, ga inda muke. Auta da abokin aikinta Dogo su suka gina manhajar neman jini. Asibiti ya shigar da buƙata, saƙo ya tafi wayoyin masu irin jinin, wanda Allah ya ba iko ya je ya bayar. Ba a biyan komai. Wani kamfanin asibitocin kuɗi ya matsa mata lamba ta sayar musu, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta sayar ba.

* * *

Dogo bai amsa sallamar Auta ba.

Abin da ya fara faɗar mata da gaba ke nan, don Dogo mutum ne da ko kyanwa ce ta leƙo ofishin sai ya ce mata sannu da zuwa.

"Lafiya kuwa?"

Ya juyo mata da kwamfutar. "Ke kika nemi a canza makullin babban asusu?"

"Ni? Ina dalili?"

"To wani ya nema. Yanzun nan."

Auta ta saki jakarta a ƙasa. Ofishin da ma ba wani ofis ba ne, tsohon sito ne a bayan shagon mai gyaran firji, in mutum biyu suka tsaya sai ɗaya ya karkace. Jikin bango akwai allon katako, an jera masa tsofaffin wayoyi an ɗaure su da robar taya, kowacce da cajarta. Su ke tura saƙonni ga masu ba da jini, don kamfanonin da ke wannan aikin sun fi ƙarfin aljihunsu. Ƙasan allon kuma kanta ce cike da tsofaffin laftof masu fasassun fuska, waɗanda Dogo ya tsinto a wurin masu gyara, fanka ɗaya na hura musu iska.

Amma zuciyar manhajar ba a ɗakin take ba. Tana can a manyan kwamfutocin haya na intanet, waɗanda ake ce wa saba, cikin abin da suke kira babban asusu. Sunayen dubban ɗaruruwan mutane, lambobin wayarsu, irin jininsu, unguwanninsu, duk suna ciki. Wanda ya riƙe kalmar sirrin asusun, wadda su suke ce wa makulli, shi ne mai manhaja.

"Ai ba zai iya ba," ta ce. "Sai an tura lambar tabbatarwa ta waya, kuma wayar..."

Ta dubi Dogo.

Dogo ya ƙarasa mata a hankali. "Wayar Umma ce."

Bari in gaya muku yadda aka yi, kafin ku fara zaginta. Lokacin da suka fara, aljihunsu wayam yake. Kamfanin da ke ba da hayar saba yana ba sabon shiga ɗan lokaci kyauta. Auta ta buɗe da lambarta, lokacin ya ƙare. Aka buɗe da ta Dogo, ya ƙare. Aka aro ta matar Dogo, har tana tambaya ko za a dinga turo mata kati. Daga nan sai Auta ta je gida ta lallaɓa mahaifiyarta. To a kan sunan Umma da lambarta ne manhajar ta kama wuta. Asibitoci suka yi ca, jama'a suka dinga rajista ba ƙaƙƙautawa. Auta da Dogo suka fara biyan kamfanin sabar ɗan abin da za su iya, asusun ya zauna a haka. Kamfanin ba ya yarda a sauya mai asusu, sai dai a kwashe komai zuwa sabo, kwashewa kuwa sai an kashe manhaja. Ku kuma gaya min sa'ar da ba a neman jini a duniyar nan. Kullum sai su ce gobe.

Ta kira Umma. A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

"Umma ba ta kashe waya," ta ce, muryarta ta sauya. "Matar da ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta a kan taga saboda jikoki."

"Na soke neman farko daga nan," in ji Dogo. "Amma zai sake. In lambar ta riga ni shiga hannunsa, shi ke nan, mun zama baƙi a gidanmu." Ya sosa ƙeya. "Akwai kuma wata maganar. Da ma so nake ki karya tukuna."

"Dogo, ba na son jan rai."

"Ranar nan da manhaja ta durƙushe. Na gano inda cunkoson da ya kayar da ita ya fito."

Ya buɗe mata wani shafi. Ta sunkuya ta karanta. Ta sake karantawa. Ta miƙe, idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma ko ɗigon hawaye babu. Abin da ta gani za ku ji shi daga bakinta, ba nawa ba.

"Kwafin da muke ajiyewa a kantar nan, cikakke ne?"

"Har na safiyar yau."

"In na kira ka na ce kwashe, ka mayar da manhaja kan laftof ɗin nan, ka goge duk abin da ke babban asusu. Tas."

Dogo ya zaro ido. "Auta, hakan fa sai an kashe ta. Kuma tsofaffin nan, in jama'a suka taso musu gaba ɗaya..."

"Za su yi nishi, za su ɗauka."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Ba don haka muka zaɓi masu batir ba? Ka roƙi mai firji ya ara mana fankarsa. Ka zauna kusa da wayarka."

Ta suri jaka ta fita. Kar ku ga ta haɗe rai ku ce ba ta jin tsoro. Tsoro take ji sosai. Ba kamfanin take tsoro ba. Wanda za ta tarar a falon Umma take tsoro.

* * *

Tun daga bakin layi ta hango motar Yaya Babba a ƙofar gida.

Umma na zaune a kan kafet, kwalin sabuwar waya a cinyarta, baki har kunne. Tsohuwar wayarta na gefe an buɗe bayanta, batir daban, murfi daban. Yaya Babba na kan kujera, laftof a cinya, sabuwar wayar a hannunsa.

"A'a, Autata! Kamar kin san ana rabon arziki. Zo ki ga abin da yayanki ya kawo min. Wai har fuskar jikokina zan dinga gani."

"Allah ya sanya alheri, Umma." Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta juya. "Yaya, ina kwana."

"Lafiya." Bai ɗago ba.

"Layin Umma yana ina?"

"Yana cikin wayarta."

"To ka miƙa mata wayarta."

"Ina saita mata."

"Da shafin sabarmu a buɗe a gabanka kake saita mata?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya rufe laftof ɗin rabi, ya gyara zaman gilashinsa. Yaya Babba ba ya ɗaga murya. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan, shi ya ɗauki nauyin karatunta, shi ya saya mata kwamfutarta ta farko, kuma ya san ta san haka.

"Zauna, Auta."

"Na fi jin daɗin tsayuwa."

"Ke!" Umma ta ce. "Yayanki ne fa."

"Na sani, Umma. Shi ya sa na gaishe shi tukuna."

"Tunda kin zo, ya ma fi sauƙi," in ji shi. "Umma, manhajar nan da take ta wahala a kai, da sunanki aka buɗe asusunta. Makullin a wayarki yake."

"Makullin me? Ni ina da makulli ban sani ba?"

"Kina da shi. A doka ma taki ce. Kamfanin da ke son ta sun yi tayin da mai hankali ba zai ƙi ba, ta ƙi. Ni kuma ba zan zuba ido ƙanwata ta kai kanta gidan yari ba."

"Gidan yari?" Umma ta dafe ƙirji.

"Na je ofishin nasu na gani da idona. Wayoyi ne ɗaure da roba, Umma. Kwamfutocin bola. Fanka ɗaya. A kan wannan ta rataye rayukan mutane. Ranar da wani ya mutu yana jiran saƙonta, wa za a kama? Dogon nan nata? Ita za a kama."

Maganar ta shigi Umma. Ni ma da nake rubutawa ta ɗan shige ni, don game da robar dai bai yi ƙarya ba.

"Ka gama?" in ji Auta.

"Ban gama ba. Su suna da manyan injuna, suna da ma'aikata, suna da lauyoyi. Za su ba ki ofis mai sanyi ki ci gaba da aikinki a ƙarƙashinsu. Mene ne laifin wannan?"

"Ka gaya wa Umma ragowar."

"Wane ragowa?"

"Cewa ranar da ta koma hannunsu, sai dangin mara lafiya sun biya kafin saƙo ya fita. Kuma wanda ke kwance a asibitinsu shi ne gaba, na asibitin talakawa ya bi layi. Da bakinsa manajansu ya faɗa min, yana kaɗa ƙafa. Umma, mutanen da suka ba ni lambobinsu, ce musu na yi don Allah ne. Ba su ba ni don in sayar da su ba."

"Komai na duniya da kuɗi yake tafiya, Auta."

"Tawa da roba take tafiya, kuma tana tafiya."

"Ji rashin kunya. Da ban saya miki kwamfutar ba, da me za ki gina?"

"Ka saya min, Allah ya saka maka da alheri, har gobe ina yi maka addu'a. In ita kake so tana nan a ofis, fuskarta ta fashe amma tana aiki, tana cikin na bolar da ka zaga ɗazu. Sai a kawo maka. Amma mutanen da ke cikin manhajar ba kai ka saya min su ba."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ka raina ofishin namu, amma ka tambayi injiniyoyinsu me ya sa tawa ke buɗewa a ƙaramar waya a ƙauyen da sabis ke leƙowa yana komawa. Babu hoto, babu ado, babu abin da ke rawa a fuska. Tambayar da mutum dubu za su yi iri ɗaya, sau ɗaya ake dafa amsar a raba musu. Abin da babu kuɗin sayensa, sai mu zauna mu yi ta tunani har ya zama ba ma buƙatarsa. A haka muka ɗauki jama'ar da su da injunansu ba su taɓa gani ba."

"Amma ta faɗi," ya ce. "Kwanan baya ta faɗi warwas. Ko ƙarya na yi?"

Wayyo Yaya Babba. Da ya sani da bai taɓo nan ba.

"Na gode da ka kawo ta da kanka," in ji Auta. "Umma, ki tambaye shi wa ya kayar da ita."

"Ban gane ba."

"Ba masu neman jini ne suka yi mata yawa ba. Mutanen ƙarya aka turo mana, na'ura ce ke ta ƙwanƙwasa ƙofa ba tsayawa, har mutanen gaskiya suka rasa ta inda za su shiga. Dogo ya bi sawun. Daga intanet ɗin ofishinka aka turo, Yaya. Ofishinka."



"Babba?" in ji Umma.

Ya cire gilashin ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. "Gwaji ne."

"Na'am?"

"Gwaji ne, Umma. Suna son su san ƙarfinta kafin su saya. Yaransu suka zo ofishina suka yi. Ce min suka yi ba zai daɗe ba, ba wanda zai ma lura."

"Akwai wadda ta lura." Auta ba ta sauke ido ba. "Mace ce ta haihu jini ya ɓalle mata. Nas ɗin da ke kula da ita ta yi ta danna buƙata, ta ƙi shiga. Sai ta kira ni tana kuka. Ni da Dogo da baki muka dinga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, wani ya ƙi ɗauka, wani ya zage mu ya ce ƴan damfara ne. Da ƙyar wani mai walda ya yar da aikinsa ya je. Matar ta rayu, amma ba don ku ba. Kai ka sa wa manhajar ƙafa ta faɗi, sannan ka zo gaban uwarmu kana cewa ba ta iya tafiya ba."

"Ban san da wannan ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Wallahi ban sani ba, Auta."

"Na yarda. To yanzu ka sani. Miƙo wayar."

Umma ta ture kwalin daga cinyarta. "Ni fa ce min ka yi don in ga jikokina ne. Ashe makulli ka zo ɗauka? Babba, ba ni wayata."

Ta miƙa hannu.

Jama'a, tun da Auta ta yi wayo ba ta taɓa ganin Umma ta miƙa wa Yaya Babba hannu ya dawo ba komai ba. Yau ta gani. Ya sunkuyar da kai, ya ƙara damƙe wayar.

"Ki yi haƙuri, Umma. Na riga na sa musu hannu. Na ce musu abin gidanmu ne, kuma da yawunki nake magana. In na janye yanzu, ni za su ja kotu. Nan gaba za ku gode min, ku duka."

"Da yawuna?" Umma ta ce a hankali. "Yaushe na ba ka?"

Ya buɗe laftof.

Auta ta ciro wayarta ta kira Dogo, ta sa a sifika kowa ya ji.

"Dogo."

"Ina ji."

"Yaya ne. Layin Umma na hannunsa."

Dogo ya yi salati. Sannan ya ce, "Barka da hantsi, Yaya," don shi ko gobara ake yi sai ya gaisa.

"Ka shirya?"

"A shirye nake. Gabana dai ke faɗuwa."

Ta dubi yayanta ido cikin ido. "Bismillah, canza makullin. Kafin ka gama shiga mun kwashe komai zuwa kwamfutocin da ka raina. Ɗaki za ka kai wa manajanka, ko tsintsiya babu a ciki."

"Ba za ki iya ba. Sai kin kashe ta, ke kuma ba kya iya kashe ta. Na san ki."

"Autar da ka sani tun ɗazu ta mutu a ofis. Dogo, kwa..."

"Tsaya!" Muryar Dogo ta fasa sifikar. "Tsaya, Auta. Buƙata ta shigo yanzu-yanzu."

"Daga ina?"

"Asibitin yara. Yarinya ce mai sikila, sun sa alamar gaggawa. Kuma jinin nan ne mai wuyar samu, wanda ake daɗewa ba a nema ba."

"Saƙonni sun fita?"

"Sun fara. Amma kin san halin allon."

Ta sani. Wayoyin allon ba sa gudu. Ɗaya bayan ɗaya suke tura saƙo, da ɗan numfashi a tsakani, don in suka yi sauri kamfanin waya zai ɗauka ƴan talla ne ya toshe layukan. Na kusa da asibitin ake fara tura wa, sannan a faɗaɗa zuwa na nesa.

"In na kashe yanzu, duk saƙon da ke kan layi ya mutu," in ji Dogo. "Kuma kafin in gama tayar da ita a nan..."



Auta ta runtse ido. Makaminta ke nan ɗaya tal, kuma kowa a falon ya san haka.

"Auta? In kwashe?"

"A'a. Ɗauke hannunka. Bar su su fita."

"To manhajar fa?"

"Na ce bar su su fita, Dogo!"

Yaya Babba ya sauke numfashi. Ban ce ya ji daɗi ba, Allah na gani fuskarsa ba ta mai jin daɗi ba ce, amma ya ga hanya ta buɗe masa. Wayar aljihunsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, muryar manajan har Umma na ji.

"Yallaɓai, muna fa zaune muna jiranka. Yarana sun ce har yanzu shiru."

"Yanzun nan," ya ce, ya kashe.

Ya danna wani abu a laftof. Sabuwar wayar Umma ta yi tsuwwa. Lambar ta shigo.

"Yaya, saurara." Auta ta matso har gabansa. "Makulli ɗaya gare mu. Ni, da Dogo, da allon wayoyin, duk da shi muke shiga, don kowane ƙarin makulli kuɗi ne. Kana canza shi allon zai tsaya cak. Saƙonnin yarinyar nan ba za su fita ba."

"Dabara ce."

"Dogo, ƙarya nake?"

"Wallahi Yaya gaskiya ce. Na sha cewa mu raba, halin ne babu."

"Kun haɗa baki."

"To gwada mana," in ji Auta. "Ai kun iya gwaji."

Kai! Wannan kam ta same shi. Sai da gefen bakinsa ya motsa.

Umma ta dafa bango ta miƙe. "Babba, ɗiyar wani ce fa. Ka dubi Allah. Ka bari su gama, in ya so ku ci gaba da faɗanku."

"Umma, in na bari suka gama kwashewa za ta yi."

"Sosai ma," in ji Auta. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Saƙon ƙarshe na fita zan kwashe, ko allura ba zan bar muku ba. Yanzu ne kaɗai damarka, kuma da yarinyar za ka biya. Ka zaɓa kana sane, kar gobe ka ce min ba ka sani ba."

Na san yanzu wasunku sun dafe kai, wai me ya sa ba ta yi shiru ta lallaɓa shi ba. Ku yi ta dafewa. Auta ba ta iya ba, ni ma ban koya mata ba.

Ya dubi wayar. Ya dubi laftof. Ya fara shigar da lambobin, ya sa ɗaya ya tsaya, ya sa wata ya tsaya. Gumi na bin wuyan rigarsa duk da fankar da ke juyawa a samansa. Umma ta juya musu baya tana motsa leɓe. Wayar na dab da hannun Auta, da ta so fizgewa da ta fizge. Amma ta harɗe hannuwa ta kafe shi da ido, don so take ya yi da hannunsa tana kallo.

Saura lamba ɗaya.

Wayar aljihunsa ta sake ƙara. Wannan karon ba kira ba ne, saƙo ne.

Ya ja tsaki ya zaro ta, a zatonsa manajan ne. Ya duba.

Sai ya ƙame.

"Mene ne kuma?" in ji Umma.

Auta ta leƙa, ta gane tun daga layin farko, don ita ta tsara kalmomin da hannunta.

*Assalamu alaikum. Wata yarinya a asibitin yara na buƙatar irin jininka yanzu. In za ka iya zuwa, ka amsa da ZAN ZO.*

"Ta yaya?" in ji shi. "Ni ban taɓa yin rajista ba."

"Ni na yi maka. Lokacin da nake gwada manhajar babu kowa a ciki, ƴan gida na zuba. A kujerar nan kake zaune na tambaye ka irin jininka, kana dariya ka ce naka na manya ne, ba a samunsa a kasuwa. Kai ne mutum na farko a manhajar nan, Yaya. Ban taɓa cire ka ba."

Ta taka ta buɗe ƙofar falon har sai da ta bugi bango.

Wayar Umma na hannunsa na hagu. Tasa na na dama.

"Ga ƙofa, ga makulli," ta ce. "Wanne?"

Daga sifikar, muryar Dogo ta fito ƙasa-ƙasa.

"Auta... saƙonni sun kusa ƙarewa. Har yanzu ba wanda ya amsa."